Sawu Takwas a Ɗakin Fitila

Ranar Alhamis da hantsi aka kawo rahoton, Sufeto Hamajoɗa yana tsaye a bayan kantar karɓar rahoto yana aikin da ba nasa ba. Kofur ɗin da ya kamata ya tsaya a wurin an tura shi gadin gidan wani babba, ɗayan kuma yana shingen hanya tun makon jiya. Caji ofis ɗin da aka gina don mutum arba'in, ran nan mutum bakwai ne a cikinsa, har da mai shara.

Wani dattijo ne manomi daga Namtari ya kawo maganar, sunansa Bobboyi. Ya shigo da sanda a kafaɗa, aka ba shi benci ya ƙi zama.

"Jam na, Bappa?" in ji Sufeto da Fulatanci, wato ko lafiya.

"Ba jam ba, ɗana. Tsohon nan na 'Yan Fitila, maƙwabcina, Zadok. Yana zaune, amma babu rai."

"Ka taɓa shi?"

"Ni in shiga ɗakin nan? Ta taga na leƙa. Ƙudaje ne suka kira ni."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Talata da la'asar. Na miƙa masa fura ta taga, ya ce useko, wato ya gode, ya ce ƙafarsa tana ciwo. Shi ke nan."

Motar ofis tana ƙarƙashin dogon yaro, kwana goma babu mai a cikinta, har wata kaza ta saka ƙwai uku a kujerar direba. Sufeto ya dubi ƙwan, ya yi tsaki, ya kira Saja Jemimah. Motar haya suka shiga, da kuɗin aljihunsa.

A hanya ya ce, "Saja, ke kina zuwa coci. Su wane ne 'Yan Fitilan nan?"

"Oga, kar ka haɗa mu da su. Cocinmu ko gaisuwa ba ya yi da su."

Ta ba shi labari a taƙaice. Sunansu na takarda Zumuntar Fitilar Jira. Sun taso ne a shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka ci Mubi, lokacin da mutane suka yi ta kwararowa Yola da ƙafa, kowa ya baro wani a baya. Duk wanda nasa ya ɓace sai ya rubuta sunansa a 'yar takarda, a tura ƙarƙashin fitila, yana biyan kuɗin mai duk wata. Suna koyar da cewa muddin fitilar tana ci, mai sunan yana raye a wani wuri, yana neman hanyar gida. Fastoci suka ce tsafi ne, malamai suka ce damfara ce. Cikin shekara tara sun buɗe rassa goma sha ɗaya daga Jimeta zuwa ƙauyuka.

"To ai sun yi abin kirki ɗaya," in ji Sufeto. "Sun sa fasto da malam sun yi baki ɗaya."

Reshen Namtari ɗaki ne guda na bulo a bakin gonar Bobboyi. Wari ya tare su tun daga nesa. Saja ta toshe hanci da gefen hularta za ta shiga, Sufeto ya tare ta da hannu.

"Dakata."

An shimfiɗe ƙasan ɗakin da yashin Binuwai mai laushi, an share shi sumul. A tsakiya akwai dakalin siminti, a kansa fitilar tagulla mai ciki kamar na tulu, takardun sunaye sun leƙo ta ƙarƙashinta. Baba Zadok yana jingine da dakalin, an haɗa masa hannuwa a cinya, an rufe masa ido. Jini ya bushe a ƙeyarsa da kuma a kusurwar dakalin. A wuyan hannunsa akwai igiya da ta tafi har saman rufi, inda aka rataye gwangwanin madara.

Fitilar kuwa tana ci abinta, harshen wutar a tsaye, ko rawa ba ya yi.

Sufeto ya tsuguna a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon yashin. Saja ta san halinsa. Ya taɓa tsayar da binciken satar shanu rabin sa'a yana kallon tururuwa suna jan fiffiken fara.

"Saja, ƙirga layin sawun nan."

"Ɗaya, biyu... takwas. Ƙafa ba takalmi. Ƙarama ce."

"Ina suka fuskanta?"

Ta sake dubawa, ta ja baya kaɗan. "Duka ciki suka nufa, Oga."

"Mutum takwas sun shiga, ba wanda ya fito. Ga shi kuma tsoho ɗaya muka tarar."

"Jinin Yesu," in ji Saja a hankali.

Ta ɗauki hoton sawun da wayarta, sannan suka bi gefen bango suka shiga. Sufeto ya ja igiyar, gwangwanin ya yi ƙara, ashe tsakuwa ce a ciki. A aljihun mamacin suka sami ƙaramar waya, cajinta ya ƙare.

Suna cikin haka wata farar jif ta tsaya a waje. Wani mutum ya fito cikin farar kwat, bai fi shekara arba'in ba, amma ya ce sunansa Dattijo Sammy, Mai Duba Rassa na Zumunta. Ya sa hankici a hanci, ya shigo da takalminsa.

"Sufeto, abin baƙin ciki. Amma ba sai ka wahala ba, na riga na yi magana da DPO ɗinku. Ga jadawali can a bango."

Takardar tana ɗauke da suna uku: Zadok, Hosea, Keturah. Kowa awa takwas.

"Ƙa'idarmu ke nan," in ji Sammy. "Kowane reshe masu tsaro uku, ba a barin fitila ita kaɗai ko na minti ɗaya. Talata da yamma Hosea ne a bakin aiki. Mutum ne mai zafin kai, kullum ƙorafin albashi. An tafi ɗauko shi."

"Nawa ne albashin?"

"Mu ba ma ce masa albashi. Alheri ne. Dubu tara."

"A mako?"

"A wata. Aikin Ubangiji ne, Sufeto."

"Ita Keturah fa?"

"Tana taimakawa a reshen Ajiya na ɗan lokaci."

"Idan aka cika fitilar nan da mai, awa nawa take yi?"

"Sha biyu daidai. Shida na safe, shida na yamma ake zubawa."

"Tsohon nan tun Talata ya mutu, ko makaho ya shigo zai faɗa. Yau Alhamis. Wa yake zuba mata mai?"

Sammy ya waiwaya. Ya dubi fitilar, ya dubi gawar. A hankali fuskarsa ta washe, har ya manta da hankicin.

"Kwana biyu ba mai tsaro, kuma ba ta mutu ba," ya ce. "Sufeto, ka san abin da kake gani? Abin al'ajabi ne! Dole jama'a su ji wannan."

Sufeto ya tsinci kara, ya tsoma a cikin fitilar, ya zaro. Man baƙi-baƙi ne, da wani ɗan ƙonannen abu manne a jikin karan. Ya shinshina, ya miƙa wa Saja.

"Albasa," ta ce. "Da wake."

"Dattijo," in ji Sufeto, "mala'ikunku tuyar ƙosai suke yi?"

Sammy ya mayar da hankicinsa hanci. Ya juya wa fitilar baya ya fita, yana danna waya. Da aka roƙe shi ya kai gawar asibiti a jif ɗinsa, ya ce kujerun sababbi ne. Sai akori-kurar wani mai masara Bobboyi ya samo.

Ƙarfe ɗaya na rana suka koma ofis. DPO yana jiransu a bakin ƙofa.

"Hamajoɗa, an kawo maka mutuminka. Sunansa na kan jadawali, kuma da bakinsa ya ce yana wurin. Rubuta caji, gobe da safe a wuce da shi hedikwata."

"Yallaɓai, akwai sawu takwas a ɗakin..."

"Sawu? Sawu zan kai hedikwata? Mutum bakwai gare ni, fayil sittin. Ba ni da lokacin sawu."

"A ba ni zuwa magariba."

"Zuwa magariba. In ka dawo hannu biyu, Hosea ya tafi, kisan kai ne a kansa."

Aka fito da Hosea daga sel. Ƙato ne, ƙafarsa kamar faranti, idonsa ya yi ja. Saja ta sa wayar mamacin a caji ta zauna da biro.

"Talata da yamma kana ina?"

"Ina bakin aiki, Oga. A Namtari."

"Daga ƙarfe nawa?"

"Biyu zuwa goma."

"To madalla. A cikin awannin nan aka fasa wa Baba Zadok kai. Saja, rubuta, ya amsa."

"A'a! Oga, abeg, tsaya!"

"Kai ka ce kana wurin."

Hosea ya dafe kai da hannu biyu. "Wata uku ban taka Namtari ba. Keke mai ƙafa uku nake tuƙawa, daga kasuwa zuwa Nassarawo. Duk 'yan layinmu sun san ni."

"To me ya sa ka yi ƙaryar da za ta rataye ka?"

"Ɗaki, Oga. Ɗakin da nake ciki da matata da yara huɗu na Zumunta ne. In aka rubuta cewa na bar aiki, a ranar za su watso mana kaya waje. Dubu tara ko garin kwana goma ba ta saya. Dattijo ya sani sarai ba na zuwa. Ya ce in bar sunana a bango, don masu biyan kuɗin mai su riƙa ganin suna uku."

"Ku nawa ne masu tsaro gaba ɗaya?"

"A takarda talatin da uku. A ƙasa sha biyu. Wasu sun koma gona, wasu gadi. Ko man da suke aikowa daga babban ofis sun daina tun Kirsimeti. Kowa shi yake nemo nasa."

"Igiyar da ke hannun tsohon fa?"

Hosea ya yi wata dariya mara daɗi. "Dabararsa ce. In barci ya ɗauke shi hannu ya faɗi, gwangwani ya yi ƙara, ya farka. Shi kaɗai ne, ba mai canjinsa. Wanka ma a bakin ƙofa yake yi, yana kallon ciki."

"Don me sai yana kallon ciki?"

"Doka ce. Mai tsaro ba ya juya wa fitila baya. In ka juya mata baya, ka juya wa waɗanda suka ɓace baya. Ko fita za ka yi, da baya-da-baya ake fita."

Sufeto ya ajiye bironsa. Ya dubi Saja, Saja ta dube shi.

"Ba takwas ba ne," ya ce. "Huɗu shiga, huɗu fita. Talata da yamma, Laraba safe da yamma, yau da safe. Mutum ɗaya ne."

Wayar mamacin ta kawo haske. Saja ta buɗe saƙon ƙarshe, wanda aka aika wa Dattijo Sammy ranar Talata ƙarfe uku da minti goma, ta karanta:

"Dattijo, yau kwana ashirin da uku ni kaɗai. Ƙafata ta kumbura. In mai canji bai zo kafin shida ba, zan hure fitilar in tafi gida Numan. Allah ya gafarta mini."

Babu amsa a ƙarƙashinsa.

"Hosea, a cikin ku sha biyun nan, wa yake tuyar ƙosai?"

Hosea ya sunkuyar da kai. Sai da aka maimaita tambayar.

"Mama Danny. Keturah. Amma Oga, matar nan ko kaza ba ta iya yankawa."

Matsalar mota ta sake tasowa. Kuɗin aljihun Sufeto sun ƙare a hanyar Namtari. Keken Hosea kuwa yana harabar ofis, an kawo shi tare da mai shi. Sufeto ya shiga wurin DPO.

"Wanda ake tuhuma ne zai tuƙa ka?" in ji DPO. "Hamajoɗa, lafiyarka kuwa?"

"Ko a ba ni mai, Yallaɓai."

DPO ya tura masa takarda. "Sa hannu. In ya gudu, kai za ka kwana a madadinsa."

Reshen Ajiya wani shago ne da aka mayar ɗakin ibada, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katifa. Suka bar Hosea a kwana, Sufeto ya zare makullin keken ya sa a aljihu.

A bakin ƙofar wata 'yar siririyar mata tana tuyar ƙosai, amma zamanta ba irin na masu sana'a ba ne. Ta fuskanci ƙofar ɗakin, ta ba titi baya. Masu saye da ƙeyarta suke magana. Ta kan miƙo ƙunshi ta kan kafaɗa, ta karɓi kuɗi ta kan kafaɗa, idonta yana kan wutar da ke ci a can ciki.

Sufeto ya zagayo ya tsuguna a gefenta. "Sannu da aiki, Dada."

"Yauwa, ɗana. Na nawa?"

"'Yan sanda ne. Kin ji labarin Baba Zadok?"

Cokalin tuyar ya tsaya a cikin kasko. "Na ji. Allah ya ba shi hutawa."

"Yaushe rabonki da Namtari?"

"Ya fi wata. Ni kaɗai ce a nan, ina zan je?"

"Sunanki yana bangon can."

"Yana bangon nan ma. Yana na Nassarawo ma. Suna ba ya gajiya, ɗana."

"Albashi uku ake ba ki ke nan?"

"Ɗaya. Shi ma sai an tuna."

Saja ta nuna wata gorar roba a gindin murhu, cike da baƙin mai. "Mama, wannan fa?"

"Ragowar na tuya ne. Nakan tace in zuba wa fitila."

"Wane ne Danny?" in ji Sufeto.

Karo na farko ta ɗauke ido daga ƙofar, ta dube shi, ta yi sauri ta mayar.

"Ɗana ne. Shi kaɗai gare ni. Yana karatu a Mubi lokacin da aka shiga garin. Abokansa sun iso Yola ta daji bayan kwana shida. Sun ce ya koma ɗauko takardunsa."

"Sunansa yana ƙarƙashin wannan fitilar?"

"A'a." Ta juya ƙosai a kasko. "Lokacin ba a buɗe nan ba."

Harshen wutar ya ɗan yi hayaƙi. Ta miƙe, ta zame silifas, ta shiga ta gyara lagwani. Sannan ta fito da baya-da-baya, taku ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko laluben dokin ƙofa. Sufeto ya kalli yashin. Layi biyu, duka sun fuskanci ciki.

Saja ta kai hannu ga ankwa. Sufeto ya girgiza mata kai. Ya san abin da DPO zai ce: mata masu ƙaramar ƙafa sun cika Jimeta, masu ƙosai kuma kowane lungu.

Ya miƙe yana kakkaɓe wando. "To, Dada, mun gode. Ɗakin Namtari dai mun sa masa kwaɗo, ba mai shiga sai an gama bincike. Saja, ƙarfe nawa suka ce man zai ƙare?"

"Shida, Oga."

"Shi ke nan. Ai ta yi ƙoƙari, shekara tara."

Keturah ta saki cokalin tuyar. Ƙosan da ke cikin kasko ya fara ƙonewa.

Biyar da kwata suka isa Namtari. Babu wani kwaɗo, ofishinsu ba shi da na sayen kwaɗo. Sammy suka tarar ya dawo, ya sa an ɗaura wani ƙyalle a jikin bango, fenti bai ma bushe ba: FITILAR DA TA TSARE KANTA. Yana ta ɗaukar hotonsa.

Da ya ga Hosea a kan keke ya ɗaure fuska. "Sufeto, me wannan yake yi a waje?"

"Direbana ne. Dattijo, ranar Talata ƙarfe uku Baba Zadok ya aiko maka saƙo."

"Ban gani ba. Saƙonni ɗari nake samu a rana."

"To zauna mu jira."

"Jiran wa?"

"Mala'ikan."

Suka zauna a inuwar rumbun Bobboyi. Rana ta yi ƙasa. Wani ƙadangare ya hau ƙyallen Sammy, ya taka ɗanyen fenti, ya sauko yana barin jan sawu a bango. Sufeto ya bi shi da kallo har ya shige rami. Hosea kuwa agogon Sufeto yake kallo.

Shida saura kwata wata motar haya ta tsaya a bakin titi. Keturah ta sauko, ta biyo ta cikin gona da sauri-sauri, gorar mai a hannu ɗaya, taɓarya a ɗayan. Ta zo fasa kwaɗo ne. Da ta ga ƙofar a buɗe ta tsaya. Da ta ga mutanen da ke gindin rumbu, taɓaryar ta faɗi.

"Dada," in ji Sufeto, "kin ce ya fi wata."

Ta dubi cikin ɗakin. Wutar ta yi ƙasa, ta koma ja.

"Bari in zuba tukuna. Don Allah, ɗana. In zuba, sai in gaya maka kome."

"Zuba."

Ta cire silifas ta shiga. Ta tsiyaya man a fitilar. Wutar ta miƙe. Ta durƙusa a wurin, tana fuskantar dakalin, ta fara magana ba tare da ta waiwayo ba. Saja tana rubutawa daga bakin ƙofa.

"Talata ina tuya Dattijo ya kira ni. Ya ce Zadok zai hure fitilar Namtari ƙarfe shida. Ya ce, ke kin san sunan wa ke ƙarƙashinta. Na ce ya zo da mota ya zauna ko na dare ɗaya. Ya ce yana da taro."

"Ƙarya ne!" in ji Sammy. "Ni cewa na yi..."

"Ɗazu ka ce ba ka ga saƙon ba," in ji Sufeto. "Yi mana shiru."

"Na zo na same shi ya ɗaure kayansa. Na ce, Baba, ka ƙara kwana ɗaya. Ya ce, Keturah, kwana ɗaya ɗin ne ya zama ashirin da uku. Ya nuna mini ƙafarsa, ta yi kamar turmi. Na ce to ka tafi, ka bar ta tana ci, ni zan riƙa zuwa. Ya ce a'a. Ya ce in ba su ga ɗaya ta mutu ba, ba za su taɓa ƙaro mutum ba, haka za mu ƙare ɗaya bayan ɗaya. Ya ce don mu duka zai yi."

Ta gyara durƙusonta, ta ci gaba.

"Gaskiya ya faɗa. Na san gaskiya ya faɗa. Amma da ya sunkuya ya tara iska a baki, Danny na gani. Na ture shi. Sau ɗaya. Ƙafar ba ta riƙe shi ba."

"Me ya hana ki kai rahoto?"

"Na san za ku rufe ɗakin. Wa zai zuba mai? Na zaunar da shi, na rufe masa ido. Duk zuwan da na yi sai na gaishe shi, na ce Baba ka yi haƙuri." Ta share fuska da bakin zane. "Da na ji an kama Hosea na ce gobe zan je in faɗa. In na samu wanda zai riƙe nan."

Hosea ya juya ya fuskanci gona, kafaɗunsa suna motsi.

Sufeto ya kira DPO, ya yi magana minti biyu, ya kashe. "Hosea, an sallame ka. Gobe ka zo ka sa hannu."

Sannan ya juya kan Sammy, ya daɗe yana dubansa. Ya laluba duk dokokin da ya haddace tun yana kurtu, bai sami wadda ta hana mutum rubuta suna uku a bango ya ajiye tsoho ɗaya ba.

"Kai ma gobe ƙarfe tara, ka zo ka ba da bayani."

"Lauyan Zumunta zai zo," in ji Sammy.

"Lauya kuna da shi ke nan. Shi nawa ne alherinsa?"

Keturah ta fito da baya-da-baya. Saja ta dubi ankwar, ta mayar da ita ƙugu, ta riƙe mata hannu kawai.

"Wa zai zauna da ita?" in ji Keturah. "Ta Ajiya ma ba kowa."

Sammy ya gyara kwat. "Hosea, tunda an sake ka, sunanka ne a jadawali. Shiga."

Hosea ya miƙa wa Sufeto hannu, Sufeto ya ba shi makullin keken.

"Ina da fasinja, Dattijo."

"In ka tafi, gobe ka kwashe kayanka daga ɗakin Zumunta!"

"Da wannan keken zan kwashe."

Ya tada inji. Sufeto ya zauna a gefensa, Saja da Keturah a baya. Keturah ba ta zauna ba. Ta hau kujerar da gwiwa, ta ɗaga tamfol ɗin baya, ta fuskanci ɗakin.

Sammy yana tsaye a bakin ƙofa, waya a kunne, yana kiran masu tsaron da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Kowa yana zaune gaban tasa fitilar, shi kaɗai. Ya ba wutar baya, farar kwat ɗinsa ta tare haskenta.

"Zuwa shida na safe ke nan," in ji Hosea, ba wanda ya tambaye shi.

"In ya rage lagwani za ta kai bakwai," in ji Keturah. Ta leƙa kai waje, ta ɗaga murya. "Dattijo! Ka rage lagwanin! Da yatsa biyu, a hankali! Kuma ka juyo, ka daina ba ta baya!"

Ƙarar keken ta danne muryarta. Sammy ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda, ya ci gaba da danna waya.

Haka ta tafi a durƙushe, tana kallon baya, har suka hau kwalta, gonar Bobboyi ta rufe ɗakin. Ko a nan ba ta juyo ba.